Akwati Ɗaya, Sunaye Ɗari Uku: Tarihin BusyBox da Haƙƙin Gina Manhaja

Duk wanda ya sauko da asalin rubutun BusyBox daga intanet, yana son mayar da shi manhaja mai aiki, umarni uku ne ke gabansa. Na farko `make menuconfig`, inda zai zaɓi abin da za a saka da abin da za a bari. Na biyu `make`, wanda ke juya rubutun da ɗan Adam ke iya karantawa ya koma harshen da na'ura ke ganewa. Na uku `make install`, wanda ke jera abin da aka gina a mazauninsa. A kwamfutar zamani aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Abin da ke fitowa fayil ɗaya ne, wanda sau da yawa hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar salula ya fi shi nauyi, amma a cikinsa akwai kayan aiki fiye da 300.

Wannan ɗan fayil yana zaune a cikin miliyoyin na'urori: rautocin da ke raba intanet a gidaje da ofisoshi, talabijin na zamani, kyamarorin tsaro, da manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Masu na'urorin ba su san da shi ba, kuma galibinsu ba su da dalilin sani. Sai dai waɗannan matakai uku, da ake yi wa kallon aikin ma'aikatan fasaha kawai, sun taɓa gurfanar da kamfanoni irin su Verizon da Samsung a gaban kotu, sun kuma raba kawunan mutanen da suka gina BusyBox ɗin. Abin da ya jawo haka tambaya ce guda: idan mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, wa ke da ikon sake gina manhajar da ke cikinta?

Gadon Unix

Labarin ya faro ne a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma tsarin Unix a 1969. Masu ginin Unix sun ɗauki wata aƙida mai sauƙi: kowace manhaja ta yi aiki ɗaya, ta kuma iya shi. Akwai `ls` mai nuna jerin fayiloli, `cp` mai kwafa, `grep` mai neman kalma a cikin rubutu, `sort` mai jerantawa. A 1973 aka ƙara hanyar da Doug McIlroy ya daɗe yana neman a samar, wadda ke ba da damar a sarƙa manhajojin, abin da ya fito daga ɗaya ya zuba cikin ta gaba. Mai aiki yana rubuta umarninsa a layi, kwamfuta tana amsa masa a rubuce. Wannan shi ne layin umarni, kuma har yau a kansa ake sarrafa mafi yawan manyan kwamfutocin duniya.

A wannan cibiya ce Stuart Feldman ya rubuta `make` a 1976. Kafin zuwanta, mai gina manhaja mai fayiloli da yawa shi ne zai tuna wanne ya canza, wanne kuma ke buƙatar a sake harhaɗa shi, kuma mantuwa ɗaya kan cinye masa yini. `make` tana karanta takardar da ke bayyana wane fayil ya dogara da wane, ta duba lokacin da aka taɓa kowanne, ta sake gina abin da ya zama dole kaɗai. Umarni ukun BusyBox duk da wannan kalma suke farawa.

Unix mallakar kamfanin AT&T ce, kuma asalin rubutunta bai kasance a buɗe ga kowa ba. A 1983 Richard Stallman ya sanar da aikin GNU, da nufin sake rubuta kayan Unix gaba ɗaya a matsayin manhajar da kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya kuma raba. Domin kada wani ya ɗauki aikin ya rufe shi, aka fito da lasisin GPL a 1989, sannan bugu na biyu a 1991, shekarar da Linus Torvalds ya fito da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke hulɗa da ƙarfen na'ura kai tsaye. Kayan GNU sun zo da inganci da zaɓuɓɓuka barkatai, amma sun zo da nauyi. Masu rubuta su ba su damu da tsimin wuri ba, domin manyan kwamfutoci suke hange.

Faifai mai megabait 1.44

A tsakiyar shekarun 1990, wanda ke son girka Linux a kwamfuta yakan fara ne da faifan fulofi, wanda ke ɗaukar megabait 1.44 kacal. Dole faifan ya ƙunshi kanel, da manhajar girkawa, da isassun kayan aikin da za a raba rumbun kwamfuta, a kwafi fayiloli, a gyara ɓarna idan ta auku. Kayan GNU, kowanne a fayil ɗinsa, ba za su shiga ba.

Bruce Perens, wanda ke aiki da Debian, tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, shi ya fuskanci matsalar a 1995. Ya lura cewa kowace manhaja, komai ƙanƙantarta, tana ɗauke da wani kaya na dole: bayanan kai da ke gaya wa kanel yadda za a loda ta, rubutun farawa, da ayyukan da kusan kowace manhaja ke maimaitawa, kamar tantance umarnin da aka ba ta da buga saƙon kuskure. Manhajoji hamsin na nufin a ɗauki wannan kaya sau hamsin. Idan aka haɗe su a fayil ɗaya, sau ɗaya za a ɗauka.

Saura yadda fayil ɗin zai san aikin da ake nema. A Unix, duk manhajar da aka kira ana sanar da ita sunan da aka kira ta da shi. Dabarar amfani da wannan suna tsohuwa ce; editocin `vi` da `ex` sun daɗe suna zama fayil ɗaya mai suna biyu. Perens ya faɗaɗa ta. Abin ya yi kama da mutumin da ke limanci, yana ɗinki, yana kuma sayar da littattafai: wanda ya yi sallama ya ce “Liman”, an san buƙatarsa, wanda ya ce “Tela” ma haka. Idan aka kira fayil ɗin da sunan `ls` sai ya jera fayiloli, idan aka kira shi da `cp` sai ya kwafa. Sunan BusyBox kuwa, a Turanci, sunan wani allon wasan jarirai ne mai maɓallai da ƙararrawa iri-iri a jiki ɗaya.

A 1996 Perens ya ɗauka aikin ya cika burinsa, ya koma kan wasu al'amura. Enrique Zanardi ya ci gaba da kula da shi domin faifan Debian. A 1998 Dave Cinege ya ɗauke shi zuwa wani aiki mai suna Linux Router Project, wanda ke mayar da tsohuwar kwamfuta rauta da faifai ɗaya. A nan ne BusyBox ya soma sauya alƙibla, daga kayan girka Linux zuwa kayan da ƙananan na'urori ke rayuwa a kansu dindindin. A ƙarshen 1999 ragamar ta koma hannun Erik Andersen, ma'aikacin kamfanin Lineo a lokacin, wanda ya riƙe ta har 2006. A zamaninsa aka sake rubuta sassa da yawa, aka ƙara kayan sadarwa, aka kuma fitar da bugu na 1.0 a Oktoban 2004. A lokacin ne laƙabinsa ya bazu: wuƙar sojan Suwizalan ta ƙananan na'urorin Linux, wato wuƙar aljihun nan mai almakashi da abin buɗe gwangwani a ƙota ɗaya.

Mataki na farko: zaɓi

A bugu na farko-farko, mai gina BusyBox yakan buɗe wani fayil ne da hannu, ya kunna layin kayan da yake so, ya kashe na wanda ba ya so. Da kayan suka yawaita, wannan hanya ta zama tarko, domin wani zaɓi ya dogara da wani, kuma mutum ba zai riƙe su duka a ka ba. Sai masu aikin suka aro tsarin Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta wa kanel ɗin Linux, aka karɓe shi a can a 2002. Shi ya sa allon da `make menuconfig` ke buɗewa yake kama da na saita kanel sak: jerin rukunoni, kowane rukuni da kayansa, kowane kaya da akwatin da za a yi wa alama, da ɗan bayani a gefe.

Akwai mafari biyu. `make defconfig` yana kunna kusan duk abin da ake buƙata a al'ada, sai mutum ya rage. `make allnoconfig` yana kashe komai, sai mutum ya ƙara ɗaya bayan ɗaya. Zaɓin bai tsaya kan kaya sukutum ba, yana shiga har cikin sassansu: a bar `ls` ta nuna launi ko a cire, a saka rubutun taimako ko a bar shi domin tsimin 'yan kilobait, wanne za a ɗauka a cikin masu karɓar umarni biyu, `ash` ko `hush`. Duk amsoshin suna taruwa a fayil ɗaya mai suna `.config`.

Wannan mataki shi ne ya bambanta BusyBox da yawancin manhajoji. Abin da ba a zaɓa ba, ba ɓoye shi ake yi ba, sam ba ya shiga ginin. Saboda haka da wuya a sami kamfanoni biyu masu BusyBox iri ɗaya, ko da lambar bugunsu ta zo ɗaya. Fayil ɗin `.config` shi ne awon da tela ya ɗauka. Wanda aka ba shi yadi ba a ba shi awon ba, zai iya ɗinka riga, amma ba lallai ta zauna a jikin mai ita ba.

Mataki na biyu: harhaɗawa

An rubuta BusyBox da harshen C, wanda Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970 domin Unix. Idan aka ba da umarnin `make`, manhajar harhaɗawa, galibi GCC ta aikin GNU wadda ta fito a 1987, tana bin fayilolin da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya tana fassara su, sannan a ɗinke su su zama fayil guda mai suna `busybox`. A nan akwai shawarwari biyu masu nauyi.

Ta farko ta shafi taskar C, wato tarin ayyukan yau da kullum da kowace manhaja ke aro, kamar buɗe fayil da neman wuri a ƙwaƙwalwa. Ana iya barin BusyBox ya riƙa neman taskar a na'urar duk lokacin da aka kira shi, sai ya fito ƙarami, amma idan taskar ta ɓace ko ta lalace ba zai tashi ba. Ana kuma iya zuba abin da yake buƙata daga taskar a cikinsa tun wurin gini, sai ya ƙara nauyi amma ya tsaya da ƙafarsa. Masu ceton kwamfutar da ta lalace sun fi son hanya ta biyu, domin a ranar da komai ya rushe, kayan da bai dogara da kowa ba shi ne ke aiki. Taskar GNU, mai suna glibc, babba ce, don haka Andersen ya gina ƙarama mai suna uClibc domin ta yi tafiya tare da BusyBox. A 2011 Rich Felker ya fito da wata, musl, wadda ta sami karɓuwa sosai daga baya.

Shawara ta biyu ta shafi inda manhajar za ta yi aiki. Furosesar da ke cikin rauta, sau da yawa ta dangin MIPS ko ARM, ba ta jin harshen furosesar kwamfutar tebur, kuma rautar ba ta da ƙarfin gina wa kanta manhaja. Saboda haka a babbar kwamfuta ake ginin, da manhajar harhaɗawa ta musamman mai fassara zuwa harshen ƙaramar na'urar. Ana nuna wa `make` wannan manhaja ta hanyar saitin `CROSS_COMPILE`. Tanadar waɗannan kayan gini ya fi gina BusyBox ɗin kansa wahala nesa ba kusa ba. Wannan wahala ce ta haifi Buildroot a 2001, wanda Andersen ya fara domin gwajin uClibc, ya kuma girma ya zama hanyar da kamfanoni da yawa ke gina dukkan manhajar na'urorinsu.

Mataki na uku: girkawa

`make install` ba ya taɓa kwamfutar da aka yi ginin a kanta. Yana ƙirƙirar wani kundi mai suna `_install`, ko kuma wurin da aka nuna masa da `CONFIG_PREFIX`, ya ajiye fayil ɗin `busybox` a ciki, sannan ya kafa ɗaruruwan mahaɗai. Kowane mahaɗi suna ne kawai mai nuni zuwa ga wancan fayil: ga `ls`, ga `cp`, ga `mount`, ga `ping`, duk ƙofofi ne na ɗaki ɗaya. Hikimar keɓe kundin a bayyane take. Da girkawar za ta zuba kai tsaye a kwamfutar mai gini, da ta danne cikakkun kayan GNU da ke ciki da taƙaitattun na BusyBox.

Abin da ke cikin wannan kundi, idan aka haɗa shi da kanel da 'yan fayilolin saiti, ya isa ya tayar da na'ura. BusyBox yana da `init` nasa, manhajar farko da kanel ke kira bayan an kunna wuta, wadda ke tayar da sauran. Daga nan sai a dunƙule kundin, a rubuta shi a ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan zango na ƙarshe a hannun kamfanin da ya ƙera na'urar yake, domin shi ya san tsarin dunƙulewar da hanyar rubutawar. A nan rigima ta samo asali.

Matakan uku a gaban alƙali

Lasisin GPL bugu na biyu bai hana kowa sayar da na'ura mai ɗauke da BusyBox ba, bai kuma nemi ko kwabo ba. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya raba manhajar ya ba mai karɓa asalin rubutunta, ko alƙawari a rubuce cewa zai bayar idan an nema. Sashe na uku na lasisin ya fayyace cewa asalin rubutu ya haɗa da takardun umarnin da ke tafiyar da harhaɗawa da girkawa. Ma'ana, waɗanda suka rubuta lasisin tun 1991 sun gane cewa rubutun da ba a iya ginawa ba shi da amfani ga mai shi.

Gwaji na farko mai tasiri ya zo da rautar Linksys WRT54G, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 2002 da ƙwaƙwalwar ajiya ta megabait 4. A 2003 masu bincike suka gano cewa Linux da BusyBox ne a cikinta, alhali kamfanin bai ba da rubutun ba. Bayan matsin lamba, Linksys, wanda Cisco ya saya a wannan shekara, ya saki rubutun. Daga abin da aka saki aka kafa OpenWrt a 2004, tsarin da a yau ke aiki a kan ɗaruruwan nau'o'in rauta, yana kuma ba su sabuntawa shekaru bayan masu ƙera su sun daina. A Jamus kuma, Harald Welte ya sami umarnin kotu a birnin Munich a kan kamfanin Sitecom a 2004, kan wani sashe na Linux da yake da haƙƙinsa.

Andersen ya daɗe yana wallafa sunayen kamfanonin da suka saɓa lasisin BusyBox, da fatan kunya za ta yi aiki. Ba ta cika yi ba. A Satumban 2007 cibiyar lauyoyi ta Software Freedom Law Center, wadda Eben Moglen ya kafa, ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Niyok a madadin Andersen da Rob Landley, a kan kamfanin Monsoon Multimedia. Ana ɗaukarta a matsayin ƙara ta farko a Amurka kan saɓa GPL. Ba a kai ga hukunci ba: a ƙarshen Oktoba kamfanin ya yarda ya saki rubutun, ya naɗa jami'in kula da bin lasisi, ya kuma biya kuɗin da ba a bayyana adadinsu ba. Kafin shekarar ta ƙare aka kai ƙarar Xterasys da High-Gain Antennas, sannan Verizon, kan rautocin da yake raba wa masu sayen intanet ɗinsa. Duk an sasanta.

A Disamban 2009 aka shigar da ƙara ɗaya a kan kamfanoni 14, ciki har da Best Buy da Samsung da JVC da Westinghouse Digital Electronics, wannan karon da sunan Andersen da ƙungiyar Software Freedom Conservancy. Westinghouse ya daina kare kansa a shari'ar, kuma a 2010 kotu ta ci shi diyyar dala 90,000 ban da kuɗin lauyoyi, ta hana shi ci gaba da rarraba manhajar, ta kuma ba da umarnin a miƙa talabijin ɗin da ke ɗauke da ita. BusyBox ya zama makami mai kaifi a wannan fage saboda dalili biyu: yana cikin kusan kowace ƙaramar na'urar Linux, kuma wasu daga masu haƙƙinsa sun yarda su je kotu.

Rabuwar kai

Nasarar ba ta haɗa kan masu aikin ba. Tun 2006, lokacin da ake shirya bugu na uku na GPL, Landley, wanda ya gaji Andersen a farkon shekarar, ya tsayar da BusyBox a kan bugu na biyu kaɗai, kamar yadda kanel ɗin Linux yake. Perens ya ƙi amincewa, aka yi doguwar jayayya, Landley ya ajiye ragamar, Denys Vlasenko ya karɓa a Oktoban 2006. A 2009 Perens ya fito ya ce ƙararrakin da ake yi ba sa wakiltarsa, ko da yake shi ya assasa aikin.

Landley kansa daga baya ya juya wa ƙararrakin baya. Hujjarsa ita ce ba su kawo wa BusyBox wani rubutu mai amfani ba, sai dai sun sa kamfanoni tsoron duk abin da ke ɗauke da GPL. Bradley Kuhn na Conservancy da masu ra'ayinsa sun ce an auna abin da ma'aunin da bai dace ba: manufar lasisin ita ce mai na'ura ya sami ikon gyara abin da ya saya, ko da aikin asali bai ƙaru da komai ba, kuma OpenWrt shaida ce. Landley ya koma kan Toybox, makamancin BusyBox da ya fara a 2006, ya sauya masa lasisi a 2011 zuwa irin na BSD, wanda ba ya tilasta wa kowa sakin rubutu. Google, wanda ke guje wa GPL a sassan Android da ke saman kanel, ya saka Toybox a Android 6.0 a 2015. Don haka wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da ke hannun jama'a a Kano da Maraɗi suna ɗauke da Toybox ne, ɗan da wannan saɓani ya haifa.

BusyBox bai rasa gida ba. Alpine Linux, wanda salsalarsa ke komawa ga Linux Router Project ta hanyar wani aiki mai suna LEAF, ya ginu ne a kan BusyBox da musl, kuma ainihinsa bai wuce megabait 5 ko kusa da haka ba. Da fasahar Docker ta bazu bayan 2013, kamfanoni suka fara dunƙule manhajojinsu a ƙananan kwantenoni da ake kwafa sau dubbai, sai ƙanƙanta ta sake yin daraja. Kayan da aka ƙera domin faifan fulofi ya sami aiki a cibiyoyin bayanai mafiya girma a duniya.

Kuɗin zaɓi mara kyau

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana neman kyamarori da rautoci da na'urorin naɗar bidiyo da aka bar ƙofarsu ta telnet a buɗe. Telnet tsohuwar hanya ce ta shiga layin umarnin na'ura daga nesa. Mirai tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa, kuma idan ta shiga, da umarnin BusyBox na cikin na'urar take tabbatar da inda take, ta kuma sauko da sauran jikinta. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka yi amfani da irin waɗannan na'urori wajen kai hari kan kamfanin Dyn, abin da ya hana mutane da yawa a Amurka da Turai isa ga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka. A ƙarshen wannan shekara wani reshen Mirai ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya tagayyara. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure Daniel Kaye wata 32 kan wannan hari.

Mirai ba ta dogara da wani aibi a rubutun BusyBox ba. Ta dogara ne da shawarar masana'antun da suka bar telnet a kunne da kalmar sirri ta bai ɗaya. Amma rubutun ma ba ya rasa aibi. A Nuwamban 2021 masu bincike na kamfanonin Claroty da JFrog suka bayyana raunuka 14 a BusyBox, da yawansu a cikin `awk`, waɗanda aka riga aka toshe a bugu na 1.34.0. Na'urar da ba a saka mata `awk` ba tun wurin zaɓi, raunin `awk` bai shafe ta ba. Wadda aka saka mata kuwa, gyaran yana nan kyauta ga kowa, amma ba zai isa gare ta ba sai wani ya sake bin matakan uku ya rubuta sabon gini a cikinta.

Wayar salula takan sami sabuntawa na wasu shekaru. Rauta ko kyamara mai araha, musamman a kasuwannin da ake shigo da tsofaffin samfura da kayan da ba a san maƙerinsu ba, tana iya shekara goma a jikin bango da manhajar da ta baro masana'anta da ita. Idan kamfanin ya daina kula da ita, ko ya rufe, hanya ɗaya ta rage: wani dabam ya gina mata sabuwa. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutun, da fayil ɗin `.config`, da kayan harhaɗawa, da hanyar girkawa, wato abubuwan da aka yi ta shari'a a kansu daga 2007 zuwa 2010.

Wannan ya shafi duk wanda ke sa hannu a takardar sayen kayan sadarwa na asibiti, banki, jami'a ko ma'aikata. Ban da farashi da garanti, akwai tambayoyi uku da suka cancanci shiga takardar: shekara nawa maƙerin ya yi alƙawarin sabunta manhajar, shin yana ba da asalin rubutun da lasisi ya wajabta masa, kuma shin na'urar tana cikin jerin waɗanda OpenWrt ko makamancinsa ke tallafawa. Na'urar da ta amsa waɗannan, injiniyan ma'aikatar zai iya riƙe ta da rai bayan maƙerinta ya manta da ita. Wadda ta kasa amsawa, ranar da kamfanin ya janye hannunsa, zaɓin mai ita biyu ne: ya ci gaba da aiki da ita da rauninta, ko ya cire ta ya sayi wata.